Lambar da ta tsayar da injin fotokwafinmu kwana uku bayan sabis

Ranar da na yi wa injin sabis, lafiya ƙalau muka rabu da shi, kuma wannan ne ya ɓatar da ni daga baya. Na mayar da komai wurinsa, na rufe murfin gaba, na kunna. Ya yi 'yan mintoci yana gurnanin da ya saba yi idan yana daidaita launukansa, sannan allon ya nuna a shirye yake. Na buga takardar gwaji. Shuɗi, ja, rawaya, baƙi, kowanne ya zauna daram, babu zane, babu dishi-dishi. Na rubuta kwanan wata da adadin kwafin da ya yi a katin da muke liƙawa a bayan murfi, na wanke hannuna, na koma kan sauran aikina. A raina an gama.

Ni ne mai kula da injinan ofishinmu. Na koyi aikin a hannun maigidana, kuma yawancin shekarun da na yi a wurinsa a kan injin baƙi da fari na yi su. Mai launi ban daɗe da fara sa masa hannu ba. Sabis ɗin na ranar ba ƙarami ba ne: na sa sabuwar difelofa ta launin ja, wato akwatin da ke riƙe garin launi da ake kira tona yana shafa wa diram, domin tsohuwar ta cinye wa'adinta, na canja diram biyu, wato rolan da hoto ke fara zama a jikinsa, na ja da na rawaya, na canja rezar da ke goge bel ɗin da ke ɗaukar hoto daga diram ya kai wa takarda, na cire akwatin da ke tara ragowar tona na sa sabo, na goge gilasan da hasken leza ke bi, na wanke robobin da ke jan takarda. Aikin yini guda ne, kuma na yi shi ana ta leƙowa ana tambayata yaushe zan gama.

Da safiyar kwana na uku wata abokiyar aikinmu ta leƙo ta ce, "Malam, zo ka duba injin nan, ya tsaya cak, kuma rabin aikina yana ciki." Na tarar allon ya rufe da saƙo guda: harafi da lambobi a sama, a ƙasa kuma an ce a kashe a kunna, idan abin ya ci gaba a kira mai gyara. Takardun da suka fito kafin ya tsaya suna kan tire. Ƙasida ce mai hotunan mutane. Fuskokinsu sun yi wani kore-kore, jan rubutun da ke kan shafin kuma ya koma ruwan lemo. Na ɗaga su na kalla, na ajiye a gefe. Da na tsaya a kansu minti biyar da na rage wa kaina wahalar yini, amma hankalina duk yana kan allon.

Abu na farko da na yi, kuma har yanzu ina ganin daidai ne, shi ne na ɗauki hoton allon da wayata kafin in taɓa komai. Sau da yawa mutum yakan kashe inji cikin gaggawa, daga baya a tambaye shi wace lamba ya gani, ya ce wai kamar da biyar ta fara. Lamba ɗaya idan ta sauya, an bar wani ɓangare an koma wani. Bayan nan na kashe shi daga babban makunni, na jira, na kunna. Ya daɗe yana juyi fiye da yadda ya saba, ina jin wani ƙaramin moto yana tashi yana tsayawa, yana tashi yana tsayawa, can sai lambar ta dawo. Na sake, ta sake dawowa. Daga nan na daina.

Kowane kamfani da irin rubutunsa. Na Canon da harafin E suke farawa, na Ricoh da SC, na Konica Minolta da na Kyocera da C, na Xerox kuma lambobi uku ne da ɗan layi da wasu lambobi uku. Ko a cikin kamfani ɗaya ma, lamba guda tana iya nufin abu kaza a wannan samfuri, ta nufi wani abu dabam a wancan, shi ya sa ba na yarda da abin da na haddace. Na ɗauko littafin sabis na ainihin samfurin da ke gabana. Fargabata ta farko ita ce fiyuza, wato ɓangaren da ke gasa tona a jikin takarda. Zafinta yakan kai wajen digiri 160 zuwa 200 a ma'aunin Salshiyas, kuma da gangan masu ƙera injinan suke sa lambarta ta kulle inji, kashewa da kunnawa ba ya cire ta, sai mai gyara ya shiga ya buɗe da hannunsa, saboda abin da ke bayanta gobara ce. Na duba, ba ita ba ce. Na ɗan samu sauƙi.

Abin da littafin ya ce gajere ne: yawan tona a cikin difelofar M ya faɗi ƙasa da iyaka, inji ya yi ƙoƙarin ƙarawa, bai farfaɗo ba. M ɗin nan ita ce launin da muke kira ja a bakin aiki, ko da yake ja ne mai ruwan hoda, sai ya haɗu da rawaya yake ba da jan da ido ya sani. A ƙasa aka jero waɗanda ake zargi: kwalbar tona, moton da ke tura tona, sansar da ke auna yawanta, wayoyin da suka haɗa su, sai babban bod, wato ƙwaƙwalwar injin, a ƙarshe.

Sai an san abin da ke cikin difelofa kafin a gane wannan lamba. Wanda bai taɓa buɗe ta ba zai zaci tona ce zalla a ciki. A irin waɗannan injinan gari biyu ne a gauraye. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfe a jikinsu, waɗanda maganaɗisu ke kamawa, muna ce musu kariya, sai ita tonar, wadda garin roba ce mai launi. A nauyi tona ba ta kai kashi 10 cikin 100 na cakuɗin ba. Wasu sukurori biyu suna juya su ba tsayawa, gogayyar ta sa tona ta ɗauki cajin lantarki ta manne a jikin kariya. Wani rola mai maganaɗisu a cikinsa ya ɗebo cakuɗin ya miƙar da shi tsaye kamar gashin buroshi, ya shafi diram. Tona ta bar kariya ta hau wuraren da leza ya zana, kariya ta koma ciki ta ɗebo wata. Ita kariya ba a so ta fita ko kaɗan. Tona ce ke tafiya, kwalba kuma tana cike gurbin abin da ya tafi. Asalin dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1938 Chester Carlson ya fitar da kwafin farko da caji da haske da gari a Amurka. Abin da injin launi ya ƙara shi ne ya yi wannan aiki sau huɗu a jere, kowane launi da diram ɗinsa da difelofarsa, su zuba a kan bel ɗaya, bel ya miƙa wa takarda. Kuma ya cika cikinsa da sansoshi masu tsaron kowane mataki.

Sansar da ta kai ƙara a wannan karon tana manne a ƙasan difelofa. Ba ta ganin launi, ba ta ganin tona. Ƙarfe take ji. Idan tona ta yi yawa, ƙwayoyin kariya suna nesa da juna, sai ta ji ƙarfen ya ragu. Idan tona ta yi ƙasa, ƙwayoyin su matse, sai ta ji ƙarfe ya yi yawa, ta gaya wa bod a ƙaro. Iyakar saninta ke nan. Lambar da ke kan allo rahoton abin da ta ji ne, ba ta ce ga abin da ya lalace ba. Na san wannan a karance, amma a ranar ban yi aiki da shi ba.

Na fara da kwalba, tunda ita ce farko a jerin. Na zaro ta, na jijjiga, na ji da nauyi, ta fi rabi. Duk da haka na ce wataƙila tonar ta dunƙule a ciki, na buɗe sabuwa na sa. Na shiga sashen sabis na injin, wanda ake shiga da wasu maɓallai da masu gyara kaɗai ake ba, na goge lambar. Inji ya tashi. Abokiyar aikina ta yi murna, ta tura sauran aikinta. Kwafi kamar talatin suka fito, kowanne ya fi na bayansa kodewa, sannan ya sake tsayawa da lambar nan dai. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wannan gogewar ita ce babban kuskurena a duk aikin, kuma ina so duk mai wannan sana'a ya ji dalili. Da na shafa takardun ƙarshe sai na ji wani ɗan tsakuwa-tsakuwa a ƙarƙashin yatsana, kamar an watsa musu rairayi mai laushi. Gabana ya faɗi, domin na san abin da ke nan. Idan tona ta ƙare a cikin cakuɗin aka ci gaba da tilasta wa inji aiki, kariya ce ke fara tsallakawa ta hau diram. Ƙarfe ne, fatar diram kuma siririya ce ƙwarai. Daga diram ya wuce bel, ya bi ta ƙarƙashin reza, ya isa fiyuza. Lambar da na goge, ashe katanga ce injin ya gina don kada hakan ta faru, ni kuma na rushe ta da hannuna don in ga aiki ya tafi. Na zare filogi daga bango. Na ba abokiyar aikina haƙuri, na ce yau kam sai dai ta yi amfani da na baƙi da fari.

Daga nan na natsu na fara bi ɗaya bayan ɗaya. A sashen sabis akwai shafin da ke nuna abin da sansar kowane launi ke karantawa. Shuɗi da rawaya da baƙi suna kusa da juna, ja kuwa ya yi nisa da su sosai. Akwai kuma inda ake tayar da kowane moto shi kaɗai. Na tayar da na tonar ja na ɗan lokaci, na sa kunne a jikin inji, na ji yana juyawa sumul, muryarsa iri ɗaya da ta na shuɗi. Na kashe wuta, na zaro soket ɗin difelofar, na haska da tocila ina neman haƙorin da ya lanƙwashe ko ya shige ciki. Duk a miƙe suke. Na bi wayar da mitar gwajin wuta har inda hannuna ya kai, ba ta yanke ba. Kwalba sabuwa, moto lafiya, waya lafiya. A jerin littafin saura biyu: sansa da bod. Bod shi ne mafi tsada a cikin injin, ban ma so in yi tunaninsa ba. Sai zuciyata ta tafi kan cewa sabuwar difelofar ce ta zo da matacciyar sansa. Har na fara rubuta takardar neman wata. Na kuma yi tunanin in musanya ta da ta shuɗi in ga ko lambar za ta bi ta, dabarar da ke aiki sosai a wasu sassan.

Kafin in yi haka na kira maigidana. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai, na ƙare da cewa ina ganin sansa ce.

Ya ce, "Ɗana, sansa ta ce babu ja. Takarda fa, me ta ce?"

Na ce, "Maigida, ita ma babu ja a jikinta. Tun kafin ya tsaya yake kodewa."

Ya ce, "To shaidu biyu sun faɗi magana ɗaya, don me za ka ƙaryata ɗaya? Da sansa ce ke ƙarya, inji zai yi ta ɗura tona, takarda ta fito jajawur har da datti a bayanta. Wannan gaskiya take faɗa. Difelofarka yunwa take ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwana biyu ya yi yana aiki lafiya. Da daga sabis ɗin ne, ai da tun ranar zai nuna."

Ya ce, "Sabuwar difelofa da guzurinta take zuwa. An gauraya mata tona tun daga kamfani. Guzurin ta ci kwana biyu, yanzu ya ƙare, kuma babu abin da ya iso mata daga kwalba tun ranar da ka sa ta. Kwalba cike, moto na juyi, ita tana jin yunwa. Me ya rage tsakaninsu?"

Na ce, "Hanya."

Ya ce, "Je ka duba abin da hannunka ya taɓa a kan hanyar. Kuma kada ka kuskura ka sa ta a gurbin shuɗi. Shuɗi zai zubo mata, ka yi asarar biyu maimakon ɗaya."

Ban taɓa jin maganar da ta warware mini kai irin wannan ta guzuri ba. Kwana biyun nan su ne suka sa na wanke sabis ɗina daga zargi tun farko, na tafi neman laifi a wuraren da ban taɓa ba. Littafin ma bai taimaka ba a nan, domin jerinsa an rubuta shi ne don injin da ke cikin aiki ya lalace da kansa. Bai san wani ya buɗe shi kwana uku da suka wuce ba.

Na shimfiɗa tsofaffin takardu a ƙasa da kan tebur. Na zaro diram na ja, na sa shi a baƙar ledarsa nan take, saboda haske yana kashe fatarsa idan ya daɗe a waje. Sannan na jawo difelofar a hankali, a kwance, ba tare da na karkata ta ba. Tun kafin ta gama fitowa na ga amsar. A samanta, daidai bakin da tona ke shiga, ja ya taru ya yi tudu, ya zubo ta gefe ya ɓata ƙarfen da take zama a kai. Duk abin da moton ya yi ta turowa kwana uku a nan ya tsaya. Na share tudun, na tura ɗan murfin bakin da yatsa, na haska. Wani siririn yanki na leda mai sheƙi yana shimfiɗe a bakin, ya rufe shi ruf in ban da wata 'yar kafa a gefe.

Sabuwar difelofa tana zuwa da hatimi, wata doguwar leda da aka manna don kada garin ya zube a hanya, wutsiyarta a waje, an rubuta a ja a cire. Na tuna na ja, na kuma tuna ta fito. Na tafi inda na ajiye kwalin, na zazzage shi, na samo ledar. Ƙarshenta ba a yanke yake tsaf ba, a yage yake, kuma da na gwada ta da hoton da ke takardar da ta zo cikin kwalin sai na ga ta gaza tsawo. A nan na tuna yadda aka yi. Na riga na tura difelofar rabi cikin inji kafin in tuna da hatimin, maimakon in fito da ita in ɗora a tebur, sai na sa hannu na fizge shi a karkace. Ya fito da sauƙi, ban duba ƙarshensa ba. Takardar ta nuna a ja shi a miƙe, a hankali, kafin a sa. Laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Da hantsaki na kama bakin ledar na zaro ta, ina addu'ar kada ta sake yagewa ta faɗa ciki, don idan ta shiga tsakanin sukurorin sai an zubar da garin gaba ɗaya. Ta fito ɗungurungum. Na haɗa ta da wadda ke cikin kwali, yagewar ta dace.

Sharar ta fi ganowar cin lokaci. Bututun da ke saukowa daga ƙaramin rumbun tona ya toshe, garin ya danne ya yi tauri saboda turin da moto ya yi ta yi masa. Na kwance shi, na bubbuga, na zuƙe da injin shara na musamman da ake yi don tona. Na gida ba ya yi: garin ya fi matatarsa laushi, zai bi ta ciki ya fito ta baya ya cika ɗaki, kuma gari mai laushi irin wannan idan ya haɗu da tartsatsin moto yana iya kamawa. Abin da ya taɓa hannuna da rigata da ruwan sanyi na wanke, domin ruwan zafi narkar da tona yake yi ta kama tufa har abada.

Da na mayar da komai na shiga sashen sabis, sai na zo wata mararraba da ta kusa kai ni ga kuskure na biyu. Akwai umarnin da ake bayarwa idan an sa sabuwar difelofa: inji ya juya garin, sansa ta karanta, ya riƙe wannan karatun a matsayin ma'auni, duk abin da zai yi nan gaba da shi zai gwada. Na yi shi ranar sabis, kuma ya yi daidai a lokacin, tunda garin sabo ne. Yanzu yatsana ya kai kansa, ina tunanin ai na cire na mayar, bari in sake. Sai na tsaya na tambayi kaina, wane gari zai karanta? Garin da ya rame. Zai ɗauki yunwa a matsayin ƙoshi, lambar ta ɓace, allon ya yi fes, ja kuma ya zauna a kode har ƙarshen rayuwar difelofar, kariya tana ta zuba a kan diram ba mai tsawatawa. Na janye hannuna. Na sake kiran maigida don in tabbatar, ya ce, "Ka kyauta da ka tsaya. Bar ma'aunin yadda yake. Ciyar da ita kaɗan-kaɗan, kamar mai jinya."

Haka na yi. Akwai umarnin tura tona da hannu. Na ba shi na ɗan lokaci, na bar sukurorin su gauraya, na duba karatun. Ya motsa kaɗan. Na sake. Dalilin bin sannu shi ne tonar da ta shigo tana bukatar lokaci ta gogu da kariya kafin ta ɗauki caji. Idan aka ɗura da yawa a lokaci guda, wadda ba ta da caji sai ta tashi kamar ƙura a cikin inji, ta yi wa takarda hazo, kuma ana iya zarcewa a faɗa ɗaya lambar, ta yawan tona, wadda fitar da ita ta fi wuya. Na yi ta yi ina rubuta kowane karatu a takarda, har ja ya matso kusa da 'yan'uwansa uku. Sai a lokacin na goge lambar. Na kashe, na kunna, na tsaya ina sauraro. Ƙaramin moton nan bai yi ta tashi yana tsayawa ba. Allon ya nuna a shirye yake.

Amma da wani ɗan gargaɗi a kusurwa, cewa daidaita launi bai kammala ba. Wannan bai ba ni tsoro ba, don na ga inda jan gari ya zuba. Injin launi yakan zana wasu ƙananan alamu a kan bel, na kowane launi, wasu sansoshi masu fitila a kusa da bel ɗin su haska su karanta. Da haka yake sanin ko launi ya yi kauri ko ya kode, da kuma ko huɗun sun hau kan juna daidai. Na zaro bel, na leƙa, idanun sansoshin sun yi ja da ƙura. Na goge su da ƙyalle mai ɗan danshi yadda littafin ya ce, na bar su suka bushe, na mayar. Gargaɗin ya tafi. Na sa ya buga takardar matakan launi, na ɗora ta a gilashi ya karanta ya gyara kansa.

Saura in san abin da kwafi talatin ɗin nan suka jawo. Na buga shafi guda cike da ja mai haske, irin wanda ba ya ɓoye aibi. Na kai shi bakin taga. Ga wasu 'yan ɗige-ɗige nan, ƙanana, suna maimaituwa daga sama zuwa ƙasa. Na sa rula tsakanin ɗaya da mai bi masa: milimita 94. Kaurin diram ɗin injin milimita 30 ne, kewayensa kuwa 94 da ɗan ɗoriya. Duk aibin da ke dawowa a wannan tazara a jikin diram yake, kowane juyi ya buga shi sau ɗaya. Kariya ta huda fatarsa. Na buga na sauran launukan, babu komai, na juya bel da hannu ina haskawa daga farko har ƙarshe, bai samu rauni ba. Na gode wa Allah a kan wannan, don bel ya fi diram nisa a tsada.

Na je wurin shugaban sashenmu da ledar guda biyu da takardar mai ɗige-ɗige. Na ce, "Yallaɓai, inji ya tashi, amma diram ɗin da na sa kwana uku da suka wuce sai an sake shi, kuma ni na jawo." Na nuna masa yadda aka yi. Ya tambaya ko za a iya aiki da shi haka kafin wani ya iso. Na ce rubutu da jadawali ba za a lura ba, hotuna ne za su nuna. Ya sa hannu a takardar.

Kafin a tashi na sake buga wa abokiyar aikina ƙasidarta tun daga shafin farko, fuskokin mutanen suka dawo da jininsu. Ban yarda da allon ba tukuna, tunda ya taɓa nuna mini lafiya kwana biyu. Mako guda cur, kowace safiya kafin kowa ya tura aiki, ina shiga sashen sabis in rubuta karatun launuka huɗun a katin bayan murfi. Ja bai sake nisa da sauran ba, ko a ranar da aka buga ƙasidu masu yawa. Sabon diram ya iso a cikin makon, na sa, ɗige-ɗigen suka ɓace. Tsohuwar kwalbar tonar da na cire ba da laifinta ba, na toshe bakinta na ajiye ta a kwance a inuwa, da wadda ke ciki ta ƙare na jijjiga ta na mayar, ta yi aiki har ƙarshenta.